Gwiwa Ɗaya a Ƙasa

La'asar ce, ranar Laraba,
a filin makarantarmu ta Runjin Sambo,
inda ciyawa ta yi ƙaura tun ba a haife mu ba,
ta bar mana tsakuwa, da layin toka,
da turakun gola biyu marasa raga.

'Yan Mabera sun zo da riguna ruwan ɗorawa,
namu koraye, aron 'yan aji shida.
Tawa lamba huɗu, ta sauko mini har cinya.
Ci ɗaya da ɗaya. Saura minti bakwai.

Sai ga Arzika,
siriri kamar sillen kara,
ƙwallo na bin ƙafarsa yadda ɗan akuya ke bin uwa.
Ya wuce Cika. Ya wuce Lawwali.
Saura ni.

Ƙwallon na nufa. Haka na ce a ranar,
haka nake cewa har gobe,
sai dai wani daren, in barci ya ƙi,
ban cika gaskata kaina ba.

Ƙas!
Irin ƙarar da kara ke yi in an taka shi a gona.

Usur ya tsaga filin.
Malam Dikko ya sheƙo, hula a hannu:
"Ku duƙa! Kowa shi duƙa!"
Shi ya koya mana wannan, ba mu san inda ya samo ta ba.
Yakan ce, in ɗayanku ya faɗi
kada ku bar masa ƙasa shi kaɗai,
kada ya buɗe ido ya ga dajin ƙafafu a kansa.

Muka durƙusa, mu ashirin da ɗaya,
kore da ruwan ɗorawa a cakuɗe.

Wanda bai san ƙasar Sakkwato da bazara ba
bai san abin da muka ba Arzika ba.
Tsakuwar nan tun hantsi take shan rana,
tana cin fata kamar tandar masa.
Ba wanda ya ɗaga.

Filin ya yi tsit.
Yarinya mai ƙanƙara ta haɗiye tallarta.
Ana jin kabu-kabu can bakin titi,
da shirwa a sama,
da Arzika, a hankali, yana kiran Innarsa.

Ni dai durƙuson nan ya rufa mini asiri.
Ƙafafuna rawa suke,
da a tsaye nake da kowa ya gani.
Namakka, golansu, ɗan baffan Arzika,
yana taku uku daga gare ni,
hannu a dunƙule, ido jawur.
Amma ba a kai naushi daga durƙushe.
Kafin a zo da benci a ɗauke shi
hannun ya gaji, ya buɗe.

Muka tafa, muka miƙe,
kowa da zanen tsakuwa a gwiwa.
An ƙarasa wasan, in ji su.
Wa ya ci? Tambayi Cika.

Shekara goma sha tara ke nan.
Arzika na da shagon ɗinki a Tsohuwar Kasuwa,
keke biyu, yara uku masu koyo.
Mai ɗori ya yi ƙoƙarinsa,
saura ɗan ɗingishi, sai ka lura.
Wurinsa nake kai yadina duk azumi,
bai taɓa rage mini ko sisi ba,
ban taɓa neman ragi ba.

Sai an zo awon wando.
Ya ɗauko tef daga wuya,
ya dafa tebur,
ya kai gwiwar nan mai lafiya ƙasa a gabana,
ni kuwa ƙiƙam a tsaye,
na rasa inda zan ajiye idona.

"Tsaya daidai, lamba huɗu," in ji shi,
fensir a baki,
"kana ɓata mini lissafi."